Shekarar da Motocin Layinmu Suka Kwana a Gidanmu

Ina hura wuta da sassafe, ruwan koko bai ma tafasa ba, na ji wata ƙara daga waje kamar an ta da injin niƙa a ƙofar ɗakina. Kajin surukata suka watse, ƙaramar 'yata ta farka da kuka. Na taka turmi na leƙa ta katanga, sai na ga mai tasin da ke zaune kusa da mu ya kashe motarsa, ya fito ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe, haɓa kawai ya kama. An kwance masa salansa an tafi da ita, an bar masa notocin a jere a kan wani dutse.

A unguwar Ali Kazaure ne, cikin Jos, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Lokacin ina da 'ya'ya biyu, ina ɗinkin kayan mata da na yara a keken ƙafa. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai dankali da kabeji Kudu ya dawo da manja da goro, kuma in ya tafi sai mu daɗe ba mu gan shi ba. Gidan da muke ciki na mahaifinsa ne, wanda ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza. Marigayin ya yi sufuri da jakuna, daga baya ya sayi tsohuwar mota, shi ya sa ya bar fili mai faɗi a gaban ɗakunanmu, da babban ƙyaure na kwano wanda mota ke iya shiga. Motar maigidana ta fi ƙarfin ƙyauren, a tasha take kwana. Saboda haka filin ya zama namu, ni da surukata. Nan muke shanya, nan muke daka, nan kajinta ke kiwo, nan take shimfiɗa tabarma ta sha hantsi, don sanyin Jos bai taɓa barin gwiwoyinta sun huta ba.

Shekarun nan motoci sun yi yawa a gari, tun bayan ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata. Sai dai kayan gyara sun fara wuya, damina kuma ba ta barin salansa ta yi tsawon rai, tsatsa ke cinye ta. Wanda tasa ta huje, in sabuwa ta gagare shi, sai ya nemi ta hannu, ba ya tambayar daga inda ta fito. Ɓarayi suka gane haka. Sifana ɗaya ta kwance noti ta ishe su, su kwanta ƙarƙashin mota su tashi da abinsu.

Bayan mai tasi, aka kwance ta wani malamin makaranta da ke haya a ƙarshen layi. Shi mutum ne mai kunya, ranar da kyar ya iya fita da motar, yana tafe tana ruri, yara na bin sa da ihu, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi satar. Aka kuma ji labarin an yi a layin bayanmu. Sai mai unguwa ya tara magidanta bayan la'asar a ƙofar gidansa.

An yi sa'a maigidana na gari. Da ya dawo na kawo masa tuwo, yana ci yana ba mu labari, ni da surukata. Ya ce an fara da hayaniya, kowa na faɗin wanda yake zargi. Wasu har suka riƙa harara wajen maƙwabcinmu Inyamuri, saboda kayan mota yake sayarwa. Mutumin nan a Jos aka haife shi, Hausarsa ba ta da bambanci da tamu, ya tafi lokacin yaƙin basasa ya dawo ya tarar da gidan ubansa yadda ya bar shi. Maigidana ya ce bai yi fushi ba. Tashi ya yi ya ce in ana so a kashe satar, a toshe inda ake kai kayan. Shi da kansa zai ja dattawa su zagaya shagunan masu kayan mota na hannu da wuraren 'yan gwangwan, a nuna musu alamar da za a riƙa yi wa salansar kowace mota ta layinmu. Duk wanda aka kawo wa mai alamar ya riƙe ta ya aiko. Mu kuma mutanen layi kada wanda ya ƙara sayen salansa a hannun mutumin da ba a san shagonsa ba.

Wani ya ƙara da cewa a kira mai walda ya ɗiga wuta a kan notocin, yadda sifana ba za ta juya su ba. Mai unguwa ya yarda da duka, sannan ya sa tasa dokar: daga ranar ba motar da za ta ƙara kwana a bakin layi. Mai fili ya shigar da tasa gida, marar fili a nema masa.

Nan maigidana ya bar labarin, ya shiga gyara loma. Surukata ta dube shi ta ce, "To, kai me ka ce?"

Ya ce, "Inna, na ce a kawo nan. Filin ai yana nan."

Ta ce, "Ka tambayi kajin?" Ta tashi ta shige ɗaki. Shi kuma kwana biyu bayan nan ya ɗauki kaya ya yi Kudu, ya bar mu da abin da ya ɗauko.

Ranar Asabar mai walda ya zo da tukwanen gas ɗinsa a kan kura. Aka jera motocin a ƙofar gidanmu, ana ɗaga su da jak ɗaya bayan ɗaya, yana shiga ƙarƙashi da baƙin tabarau. Alamar da aka zaɓa ɗigo uku ne a jere da ɗan layi a ƙasansu, a jikin tukunyar salansar inda ido zai gani. Layi ya cika kamar ana biki. Mata na leƙe ta ƙofa, mai gyaɗa ta zo ta zauna ta sayar da tirenta kaf. Mai walda ya gargaɗe su cewa ranar da salansar ta lalace su ma sai sun neme shi kafin ta fita, aka yi ta dariya, kowa ya ce ya ji.

Da magariba motoci uku suka shigo: tasi, da motar malam, da 'yar ƙaramar motar nan mai doro da muke kira kunkuru, ta gidan Inyamurin. Akwai ta huɗu da ya kamata ta shigo, akori-kurar wani mahauci da ke ɗaukar nama daga mayankar Abattoir zuwa kasuwa, amma ya ƙi. Ya ce shi kafin kiran sallar asuba yake fita, ba zai riƙa buga wa mutane ƙofa ba, kuma tunda an like notoci da wuta me ya rage.

Kwanakin farko ba mu ji daɗi ba. Na kwance igiyar shanya na mai da ita bayan ɗaki inda rana ba ta kai sosai. Turmi ya koma lungu. Baƙin mai ya riƙa ɗiga a ƙasa, yarana suna takawa suna shigo min da shi har kan kayan ɗinki. Da safe in an ta da motoci a bar su su yi zafi, hayaƙi ya cika gidan, surukata ta yi ta tari da gangan. Masu motocin kuwa suna da ladabi, ba wanda ke shigowa sai ya yi sallama ya jira mun kimtsa. Malam kan tsaya ya gaida surukata har ƙasa. Mai tasi na kawo wa yara rake. Kajin da aka ce a tambaya su suka fi kowa murna, don da yamma in mota ta shigo da ɗuminta sai su haye bonet su lafe, ba mai iya korar su.

Ba a jima ba aka shiga ƙarƙashin akori-kurar mahauci. Da noti ya ƙi juyawa sai ɓarayin suka sa zarto suka yanke bututun. Amma ba ta kwana biyu ba wani ɗan gwangwan ya aiko a kira mai unguwa. An kawo masa salansa, ya juya ta ya ga ɗigo uku, ya ce wa mai kawowar ya jira ya ɗauko kuɗi, shi kuwa da ya ga an daɗe sai ya sulale. Aka dawo da ita a bayan keke, mai walda ya mai da ta mazauninta. Labarin ya zaga har layukan da ke kewaye da mu, wasu suka zo suka tambayi yadda muka yi, suka zaɓi tasu alamar. Da yammacin ranar mahauci ya turo hancin motarsa ƙofarmu, ya sauko da ƙullin hanta da ƙoda a takarda, ya miƙa wa surukata bai ce komai a kan maganarsa ta da ba. Ita ma ba ta tuna masa ba.

Shigowarsa ce ta kawo rikici. Filin dogo ne amma ba shi da faɗin da mota za ta wuce mota, sai dai su jeru ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara shiga shi ne ƙarshen fita. Mahauci kuwa shi ke fara dawowa, tun azahar ya gama, kuma shi ke fara fita. Mai tasi shi ke dawowa ƙarshe. Aka ce to kowa ya bar makullinsa, na buga ƙusa a bangon zaure aka riƙa rataye su, duk mai son fita ya janye na gabansa. Abin bai yi ƙarko ba. Mahauci mutumin kirki ne amma hannunsa na da nauyi, kuma kullum cikin sauri yake. Ya shiga motar malam da rigar aiki ya bar mata ƙarnin da ya yi kwanaki bai fita ba. Malam dai na gan shi yana goge kujera da tsumma da ruwan omo. Sannan wata asuba ya goga gefen tasi a jikin ginshiƙin ƙyaure. Mai tasi ya rantse ba wanda zai ƙara taɓa masa mota, ya zare makullinsa daga ƙusa. Har aka fara cewa a koma ajiye su a waje.

Wadda ta raba gardamar matar Inyamurin ce. Madam muke ce mata. Nas ce a wani asibiti, kuma ko da yake mijinta ya sayi kunkurun, ita ke tuƙa shi, shi da ƙafa yake zuwa shago. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, ta zo Jos ne bayan aure, shi ya sa Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ta ce a bar mata, da yamma in kowa ya dawo za ta zo ta fitar da su ta sake jera su yadda za su fita da safe. Mutanen suka ga yadda take shiga da mota ta ƙyauren nan ba ta ko waiwaya sau biyu, suka yarda, har mai tasi ya mai da makullinsa.

Ni ce mai buɗe mata ƙyaure, ni ce mai kore kaji da riƙe yara. Tun muna gaisawa kawai har ta fara zama in ta gama, in zuba mata kunun gyaɗa, ta kawo min yadi in ɗinka wa 'ya'yanta kayan coci. Ina tsaye ina kallon ƙafafunta da hannunta kullum, ban san ta lura ba.

Wata rana ta ce an canza mata aiki, wata mai zuwa da yamma za ta riƙa fita, ba za ta samu zuwa jera motoci ba. Na ce to Allah ya kawo mafita. Ta dube ni ta ce, "Kai za ka yi."

Na yi dariya na ce ni ko keke ban taɓa hawa ba.

Ta ce, "Kana taka keken ɗinki da ƙafa, hannu yana wani aiki, ido yana wani aiki. Mota bai fi haka ba. Shiga."

Ban shiga ba ranar. Na kwana ina juya maganar. A layinmu ba matar Bahaushe da ke tuƙi, maigidana kuma ba ya nan balle in tambaye shi. Amma gaskiya raina na so. Da safe na sami surukata tana shan hantsi a ɗan wurin da motoci suka rage mata, na durƙusa na faɗa mata yadda muka yi da Madam. Ta ci gaba da jan carbinta. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Cikin gida ne ko waje?" Na ce cikin gida, iyakata bakin ƙyaure. Ta ce, "Ni idona ba ya gani sosai yanzu." Na gane an ba ni izini.

A kunkuru na fara. Madam ta zauna gefena, ta nuna min kuloci da birki da totur, ta sa na yi ta taka su mota a kashe har ƙafata ta san wurin kowanne. Da aka ta da ita na saki kuloci gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu, kaina ya bugi rufi. Na sake, ta sake mutuwa. Madam ba ta tsawa, sai dai ta ce, "Kuma." Ribas ɗin kunkuru sai an danna sandar giya ƙasa kafin a ja ta, na yi ta fama da shi har tafin hannuna ya yi ja. Surukata da ta ce ba ta gani ta janyo tabarmarta bakin ƙofar ɗaki, daga can take cewa na kusa turmi, na kusa randa. Ranar da na fara kai motar daga ƙarshen fili zuwa bakin ƙyaure na dawo da baya ba ta mutu ba, na fito na tarar da tuwona ya kama a tukunya. Haka muka ci shi da ƙauri, ba wanda ya yi ƙorafi.

Madam ce ta gaya wa masu motocin. Malam ya amsa nan take, ya ce tasa ma a koya da ita. Mahauci ya ce shi dai in zai sami hanya da asuba ko wa ya buɗe masa ita ya gode. Mai tasi kuwa ya sake zare makullinsa daga ƙusa. Ya zo da yamma ya tsaya a zaure ya harɗe hannu, ya kalli yadda na fitar da motar malam na dawo da ita. Bai ce na iya ba, bai ce ban iya ba. Ya ce dai tasa kulocinta na sama, kada in yi gaggawar sakinsa. Washegari na ga makullinsa a ƙusa.

Akori-kurar ce ta fi ba ni wuya. Giyarta a jikin sitiyari take, sitiyarin kuma nauyi kamar ana juya dutsen niƙa, ga kujerar ta yi min nisa sai na sa matashi a baya. Amma a hankali na saba da halin kowacce. Motar malam ba ta son sanyi, sai an lallashe ta. Tasi na ja hagu. Kunkuru kuwa ko me aka yi mata ba ta fushi. Bayan la'asar in mahauci da malam sun ajiye nasu, in fitar da su bakin ƙyaure in sake jerawa, akori-kura ta jira a nan har tasi ta shigo tsakiya, sannan ita ta kwana a baki. Da farko yara kan taru su yi kallo, wasu mata suka riƙa aiko 'ya'yansu aron abin da ba sa buƙata don su ji ƙarin bayani. An yi 'yan maganganu, na ji wasu, wasu ba su iso ni ba. Mai unguwa da aka kai masa zancen ya ce shi dokar da ya sa ita ce mota ta kwana a gida, wanda ya shigar da ita ba ruwansa.

Abin da ya rage min shi ne maigidana. Na shirya yadda zan faɗa masa bayan ya ci abinci ya huta, amma bai ba ni wannan damar ba. Ya dawo wata la'asar da ƙafa daga tasha, jakarsa a kafaɗa, daidai ina fito da akori-kura da baya. A madubi na gan shi. Na taka birki da ƙarfi har motar ta mutu. Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa ta madubin, na kasa fitowa. Ya ajiye jakar a ƙasa, ya zagayo ta taga.

Ya ce, "Ta da ta."

Na ta da ta.

Ya ce, "Kin cika dogara da madubi. Juya wuyanki ki dubi inda za ki. Kuma sitiyarin nan kada ki jira sai kin tsaya ki juya shi, juya shi tana tafiya, zai yi miki sauƙi."

Na yi yadda ya ce, motar ta fita sumul. Ya ɗauki jakarsa ya shige ciki. Ina jin sa yana gaida mahaifiyarsa, sannan ya yi ƙasa da murya ya tambaye ta wani abu. Amsarta kuwa da ƙarfi ta ba da ita yadda zan ji: ta ce shi ya kawo motoci gidan ya tafi, su kuma da aka bari da su suka san yadda suka yi. Bai sake ta da maganar ba. Sai dai a zaman da ya yi na wannan karon, kullum la'asar yana tsaye a bakin ƙyaure yana gyara min, har ya nuna min yadda ake duba mai da ruwa. Shi da ba ya yawan hira da ni a gaban mutane, sai ga mu muna gardama a kan kwana da ribas, surukata na jin mu.

Satar salansa ba ta ƙare rana ɗaya ba, amma a layinmu ba a sake yi ba. Da masu saye suka san ana zagayawa ana dubawa, suka fara gudun duk mai alama, ko ta wane layi ce. A hankali labarin ya yi sanyi, mutane suka koma zancen wasu abubuwa. Mai tasi ya sami gida mai fili a Anguwan Rogo ya tashi. Aka yi wa malam canjin makaranta zuwa wani gari, ya zo ya yi mana sallama, ya ba yarana littattafai masu hotuna. Ba wanda ya soke dokar mai unguwa, amma sababbin masu mota suka fara barin nasu a waje ba a ce musu komai ba. Mahauci da Madam dai suka ci gaba da kawo nasu, ina jin sabo ne kawai. Da mota biyu ba sauran abin jerawa, na mai da igiyar shanyata wurinta na da.

Maigidana ne da kansa ya ce tunda na fara gara in ƙarasa. Ranakun Lahadi in yana gari, Madam ta dawo daga coci, sai ya ari kunkurun ya fita da ni hanyar da ba motoci da yawa, can wajen tsofaffin ramukan kuza. Nan na fara sa giya ta uku, na ji iska na shigowa ta taga tana kaɗa min mayafi. Daga baya ya kai ni aka gwada ni, aka ba ni lasin.

Fitata ta farko ba tare da shi ba, suna aka yi a Bukuru, jikar ƙanwar surukata ce ta haihu. Maigidana na Kudu. Ina shirin mu je tasha mu hau mota sai surukata ta ce gwiwarta ba za ta iya hawa da sauka ba, in je in tambayi Madam ko za ta ba mu aron kunkuru. Madam ta miƙo makulli ta ce in kula da birki a gangara. Na sa yara a baya da kwanon cincin da turmin atamfar barka, surukata ta zauna gaba, ta riƙe ƙarfen da ke gabanta da hannu biyu. Tun daga gida take cewa in rage gudu, alhali masu keke na wuce mu. In babbar mota ta taho sai ta rufe ido ta kama salati, in ta wuce ta buɗe ta ce ai ɗanta ma haka yake tsorata mutane. Da muka wuce rabin hanya ta saki ƙarfen, ta fara nuna min wuraren da ta sani tun tana amarya, inda mijinta ke sauke jakuna, inda aka taɓa yin kasuwar 'yan lebura.

Muka isa ƙofar gidan sunan, na tsaya a gindin wata bishiya na kashe mota. Na zagaya zan buɗe mata ƙofa, ta ce in koma in zauna. Na koma. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta gyara mayafi, sannan ta ce in danna oda. Na danna sau ɗaya. Ta ce in ƙara, ba su ji ba. Na ƙara, mata suka fara fitowa daga cikin gida, ƙanwarta a gaba da ludayi a hannu, tana leƙen wanda ke tuƙin. Sai da suka taru sosai sannan surukata ta buɗe ƙofa ta sauko a hankali, ta ce wa ƙanwar tata a zo a kwashi kaya a baya, kuma a samo wa direbanta ruwa ta sha.